Tsohon Bulon a Motar Albasa

A'a, Harisu, aje kilen nan, sifanar da ke hannunka, ka dube ni. Kana cewa ƙarfe ba ya gajiya? Motar mijin Salamatu ce ka kwance, gobe za ta ɗauki albasa, kuma na ga abin da ka jiƙa cikin kwano.

An yi wani mutum a Buza, makanike, hannu gare shi. Wani mai kamiyo, babbar motar kaya, daga Tama ya kawo mishi inji a sake shi ɗungum. Ya ce, "Maigida, bulon ɗin kan inji sababbi za ka sa." Makanike ya ce, "Da izinin Allah."

Shi ko ya sani sarai, bulon ɗin wurin, wato ƙusa mai zare da ke riƙe kan inji, in anka ɗaure shi sau ɗaya ya miƙe ke nan, ba ya komawa. Amma Madawa, inda ake saida sababbi, ta yi mishi nisa, ga rana. Ya kwashe tsofaffin ya wanke da gazuwal, man dizal, ya goge da toka har sunka yi ƙyalli. Ya zura bututu a kile, ya hau da ƙafa yana dannawa. Ɗaya ya yi 'yar ƙara, ya ji, ya yi tari a kai.

Mai kamiyo ya tambaya, "Sababbi ne?" Ya ce, "Wallahi." Ku da ke tsaye nan, ya 'yan uwa, wa ya matsa mishi ya rantse?

Anka loda albasar gida goma sha ɗaya, noman rani guda. A hawan dutsen hanyar Keita kan inji ya ɗaga, ruwa ya haɗe da mai, mota ta tsaya. Kwana huɗu buhuna na kwance a rana. Wari ya kai har rugar Fulani.

Ran Juma'a mai kamiyo ya zo ƙofar masallaci da guntun bulon a tafin hannu. Bai yi zagi ba. Miƙa shi ya yi, yana zagaya sahu hannu zuwa hannu. Daga ranar ko keke ba a sake kai ma makaniken ba. Ya ƙare yana facin tayar amalanke, in ya yi sallama a amsa ciki-ciki.

Wanda ya ɓoye aibi cikin aikin da anka ba shi amana, kan tudu za a tone shi, gaban jama'a. Allah ka tsare mu da ha'inci, ka tsare hannuwan ɗiyanmu.

Me ka ce? Ƙagawa na yi tunda ban faɗi suna ba? To shiga ciki ka tambayi uwarka abin da ya raba ubanta da Buza.