Hankaka Mai Bajo Ɗari

An yi wata Bushiya mai suna Tabawa, mai zafin zuciya, da 'yarta Kulu, wadda kunya ba ta barin ta ko gaishe da baƙo. Ran Asabar uwar ta saya mata bajo uku, ta kai ta filin wasan yara na bakin tafki, ko ta saba da jama'a.

Al'adar filin ita ce kowa ya maƙala bajojinsa a ƙyalle ya rataya a wuya. In yaro ya nuna wanda yake so a wuyanka, sai ka cire ka ba shi, shi ma ya ba ka ɗaya.

Da ƙyar Kulu ta tunkari Hankaka Ɗanliti, wanda ya jera bajo ɗari a ƙirji yana taƙama. Ta nuna wani mai hoton lilo. Gogan naka ya karɓe nata mai ruwan zinariya, ya laluba ƙarƙashin fiffike ya miƙa mata marfin kwalba mai tsatsa. Ƙato da shi, bai ji kunyar cutar 'yar mitsitsiya ba.

Kulu ta dunƙule tana kuka, ta ce ita da filin nan har abada. Ran Tabawa ya ɓaci matuƙa, ƙayoyinta suka miƙe.

"Kai Ɗanliti, wannan ne bajon da ta nuna?"

"Hajiya, ciniki ya faɗa," in ji Hankaka. "Wa ya ce ki kawo yarinyar da ba ta san kaya ba?"

"Yau kuwa za ka san uwarta."

Da ya ga ta yo kansa, sai ya buɗe fiffike zai tsallake tafki. Ina! Nauyin ƙarfe ya rinjaye shi, ya faɗa ruwa tsundum. Dole ya tuɓe ƙyallen, bajo ɗari suka nutse, har da na Kulu. Yara ne suka ƙulla ƙyallayensu suka jawo shi gaɓa.

Ya tsugunna yana karkarwa, wuya fayau, kowa na yi masa dariya. Sai ga Kulu ta matso, ta cire ɗaya cikin biyun da suka rage mata.

"Ungo," ta ce. "Wanda ba shi da ko ɗaya ba ya iya wasan."

Ɗanliti ya kasa ɗaga kai. Tabawa kuwa ta yi tsaki, ta ce ita dai ba ta yafe ba. Amma ta samu wuri ta zauna, don ta ga yara sun kewaye 'yarta, kowa na nuna mata nasa.

Darasin wannan labari shi ne, wasan yara don murnarsu aka yi shi. Babban da ya shiga don ya ƙware su, ranar da ya faɗi sai ya rasa idon da zai kalle su da shi.