Ɗakin da Bushiya ta Yaɓe

Ga ta nan gare ku!

Ta iso mu ji ta!

Bushiya ta kama hayar ɗaki mai yoyo a gidan Kura. Ta roƙi gyara, Kura ta ce, "Ƙanwata, ba ki da hannu ne?"

Bushiya ta kwaɓa ƙasa, ta yaɓe rufin ita kaɗai. Damina na sauka, sai ga Kura: "Ɗakin da ba ya yoyo kuɗinsa ninki ne. Ki biya ko ki fita."

Bushiya ta kai ƙara gun Dila, mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ai ba a ƙarin haya sai shekara ta cika!"

"Gaskiyarki," in ji Dila. "Kin ce ko ɗigo ba ya yi?"

"Ko ɗaya."

Washegari Bushiya na tsaye cikin ruwa da tabarmarta, tana kallon Dila yana shigar da kayansa.

Ƙurunƙus kan Dila, a haɗa da na Kura!