Kwana Arba'in da Ɗaya na Sankunni Mai Fito

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

A garinmu, inda ruwa ya fi ƙasa yawa, an yi wani mai fito ana kiransa Sankunni. Mutum ne mai riƙon amana, shekara talatin yana tuƙa kwalekwale bai taɓa kifar da kowa ba. Aibinsa guda ɗaya ne: yana so a ce ya fi kowa tsarki.

Duk shekara idan ruwan sama ya ɗauke, mazan garinmu sukan rataya carbi a wuya, su sa baƙaƙen kaya, su ɗauki alwashin kwana arba'in da ɗaya kafin su hau dutsen Ayyappa, abin bautarmu. Ba cin nama, ba giya, ba takalmi, ba aski, ba fushi, kuma namiji ba ya kusantar matarsa. Duk wanda ya rataya carbin, Suwami ake kiransa don girmamawa, ko da mai shara ne. Sankunni ya hau dutsen sau goma sha bakwai. Wanda ya cika sha takwas yana iya zama jagoran ayari, ga shi kuma Baba Kelu, tsohon jagoranmu, gwiwoyinsa sun gaji, har ya ce bana zai miƙa sandarsa. Kowa ya san hannun da sandar za ta faɗa. Sankunni ma ya sani, shi ya sa tafiyarsa ta canza.

A rana ta shida da hantsi, yana zaune a baranda yana cin shinkafa a ganyen ayaba, sai matarsa Ammini ta dawo daga wanka. Gashinta a jiƙe yana ɗiga a bayanta, ta soka furen yasmin a ciki, awarwaronta na gilashi suna ƙara a hankali. Ba ta dube shi ba, wucewa kawai ta yi za ta shanya zani. Amma ƙamshin ya tsaya a barandar bayan ta wuce, zuciyar Sankunni ta yi tsalle kamar ta saurayi. Ya tsorata. Da tsoron ya rasa inda zai sauka, sai ya zama faɗa.

"Ke! Da gangan kike yi, ko?"

"Me na yi, Suwami?"

"Wannan furen. Waɗannan awarwaron. Gidan biki kike?"

Ammini ta yi dariya. "Baban Lila, shekara ashirin da shida ina sa furen nan, sai yau hancinka ya buɗe?"

"Kada ki kira ni Baban Lila, ina cikin alwashi. Ki haɗa kayanki ki tafi wurin gyatumarki, sai na sauko daga dutse. Bana ba zan bari mace ta ɓata mini shekara goma sha takwas ba."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "Wa zai dafa maka?"

"Hannuna bai karye ba."

Shi da kansa ya kai ta ƙetaren tafki a kwalekwalensa. Tun daga wannan gaɓa har waccan idonsa na kan ruwa. Da ta sauka bai miƙa mata hannu ba, ƙullin kayanta ma da bakin filafili ya tura mata.

Ya dawo gida yana jin kansa wasai. Ya share ɗakuna, ya tsige bishiyar yasmin ɗin ƙofar gida, ya ce yanzu ne aka fara alwashi na gaskiya.

To amma abin mamaki, tun da Ammini ta tafi sai ta cika gidan. Da asuba idan ya nutsa a ruwa, sai ya ga kamar gashinta ne ke yawo cikin ciyawar tafki. Da rana, lokacin da iska ke kwanciya, bishiyoyin kwakwa su tsaya cik a kan inuwarsu, yakan bar filafili a cinya, kwalekwale ya tafi da kansa. Sai ya ji ƙarar awarwaro daga cikin hazo. Ya waiga, ba kowa sai farin balbela a kan kututture. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke shi, ya gan ta tana tafiya a kan ruwa da tulu a ƙugu, tana nisa, tana nisa, ba ta waiwayo ba. Bakinsa na ambaton Ayyappa, yatsunsa na jan carbi, zuciyarsa kuwa tana can ƙetare tun safe har yamma.

Wannan bai hana shi cika baki ba. A mashigi, wurin Madawan mai shayi, yakan ce, "Ni gidana ko inuwar mace babu."

Madawan, wanda shi ma yana cikin baƙaƙen kaya, matarsa na gefe tana wanke kofuna, ya ce, "Shi ya sa kake ƙaurin ƙonanniyar shinkafa, Suwami. Jiya hayaƙin gidanka har nan, na ɗauka gawa ake ƙonawa."

Mutane suka fashe da dariya. Sankunni ya ce, "Ku yi ta yi. A kan dutse za a san na gaske."

Ranar cika ƙunshin da ake hawa dutse da shi ta zo. Da safe aka taru a farfajiyar ɗakin bauta, ana kaɗa ganguna, hayaƙin kafur yana tashi. Baba Kelu na zaune a tabarma. Kowane mahajjacin dutse yakan durƙusa gabansa, a ɗura man shanu cikin kwakwa a toshe, sannan mutanen gidansa su zo su zuba shinkafa tafi uku-uku a cikin ƙunshin. Shi kuma ya roƙe su gafarar duk abin da ya yi musu. Sai tsohon ya ɗaure ƙunshin ya ɗora masa a ka. Wanda ba a ɗora wa ba, ba ya taka matakalar dutsen.

Da aka zo kan Sankunni, ya durƙusa, ya ɗura mansa ba tare da ɗigo ɗaya ya zube ba. Baba Kelu ya ɗaga kai.

"Ina Ammini?"

"Na kai ta gidansu, Baba, tun rana ta shida. Don alwashina ya fita tas."

"Laifin me ta yi?"

"Ba ta yi laifi ba. Mace ce dai."

Tsohon ya shafa farin gemunsa. "To ɗana, kwana talatin da biyar ɗin nan, daga me ka kame kanka? Daga bango?"

Wani ya yi dariya a baya, aka zungure shi.

Baba Kelu ya ci gaba, "Faɗa mini gaskiya, carbi na wuyanka. A rana sau nawa take zuwa maka a rai?"

Sankunni ya buɗe baki. Ya so ya ce ko sau ɗaya, amma carbin ya yi masa nauyi. Ya sunkuyar da kai. "Ba ta tafiya, Baba, balle ta zo."

"Ka gani. Shekara goma sha bakwai tana gabanka kana tuna Ayyappa. Bana ka kore ta, ka wuni kana tuna ta. Kuma da fushi ka kore ta, alhali fushi ma yana cikin abin da ka rantse za ka bari. Yanzu wa zai zuba maka shinkafa? Wa za ka roƙa gafara?" Ya mayar masa da kwakwar a hannu. "Ba zan ɗaure wannan ƙunshin ba. Ayari zai tashi da la'asar. In ta zo ta zuba da hannunta, da yardar ranta, zan ɗora maka."

Sankunni bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Ya iske Ammini a bayan gidan gyatumarta, tana zaune tana murza igiyar ɓawon kwakwa. Ya zayyana mata komai yana haki.

"Tashi mu je, tafi uku ne kawai."

Ba ta daina murzawa ba. "Ashe shinkafar ka zo ɗauka."

"Ammini, sandar Baba Kelu ce fa!"

"Na ji. Ka san wani abu, Suwami? Duk shekarar da ka ɗauki alwashi, ni ma na ɗauka. Ina riga ka tashi, in yi wanka da ruwan sanyi kafin in taɓa tukunyarka. Na bar kifi. Na kwana a madafa a kan tabarma. Kana tsammani kai kaɗai ne mai jini a jiki? Sau goma sha bakwai na kame kaina, ba carbi, ba ganga, ba wanda ya kira ni da wani suna. Ban taɓa cewa ka fita mini daga gida ba."

Sankunni ya tsaya kamar an dasa shi. Wannan tunanin bai taɓa zuwa masa ba, ko sau ɗaya.

"Baba Kelu ya ce da yardar raina," in ji ta. "Yau babu ita. In na zuba, na yi wa Ayyappa ƙarya, kai kuma ka ɗauki ƙaryar a ka har kan dutse."

Ya zauna a ƙasa, nesa kaɗan da ita. Bai ƙara roƙo ba. Rana ta karkata, tafki ya zama ruwan zinariya, sai ga amon ganguna yana tahowa a kan ruwa, siriri kamar daga cikin mafarki. Ayari ya tashi. Suka saurara tare har ya ɓace.

"Ki gafarta mini," in ji shi. "Ba don shinkafa ba."

Ta dube shi a karo na farko. "Wannan kam na ji. Je ka gida. Zan dawo idan raina ya huce."

Bayan girbi ta dawo. Sandar kuwa a kan dutse Baba Kelu ya miƙa ta ga Madawan mai shayi, wanda ya cika sha takwas ɗinsa tun shekara biyu baya bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sankunni ya sake hawa dutsen sau da yawa, a tsakiyar ayari, amma bai taɓa yin jagora ba har ya tsufa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kamun kai aiki ne tsakanin mutum da zuciyarsa. Wanda sha'awa ta motsa masa, ya ɗora laifin a kan matar da ke gabansa, bai yi nasara a kan komai ba, zalunci kawai ya ƙara a kan rauninsa. Kuma kafin ka yi alfahari da haƙurinka, ka duba cikin gidanka, wataƙila akwai mai yin irinsa tare da kai, a shiru.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, na sauke ta a nan gaɓa, mai so ya ƙetara da ita.