Isiyaku da Kwabban Abu Amir

Isiyaku direba ne a gidan wani dattijon Balarabe mai suna Abu Amir, a unguwar Nasiriyya da ke birnin Riyad. Mutum ne mai gaskiya da ƙwazo, amma Allah ya zuba masa rawar kai. Ba ya iya zama, kuma ba ya tambaya. Idan abu ya faɗo masa a rai, hannunsa ya riga tunaninsa isa wurin.

Abu Amir yana da wani abu da yake ji da shi kamar ransa: tsofaffin kwabbai na jan ƙarfe da 'yan kasuwar Ingila suka buga wa kansu shekaru ɗari biyu da suka wuce, lokacin da canji ya yi musu wuya. Kowanne da hoton jirgin ruwan yaƙi, don tunawa da wata nasara a teku. Shekara arba'in yana tara su. Duk sun yi baƙi, wasu har da tsanwa-tsanwa, kuma ganinsu haka yana damun Isiyaku.

Shekara huɗu ke nan rabonsa da matarsa Hansai da ya baro a gida. A 2015 dattijon ya yi masa alkawari: da ya dawo daga Jidda zai sa hannu a takardun da za a kawo ta. Murna ta hana Isiyaku sukuni. Ya wanke mota sau biyu, ya share tsakar gida, ya shiga ya fita, yana neman abin da zai yi ya nuna godiya. Da ya shiga goge ɗakin karatu, idonsa ya sauka a kan akwatin kwabban. Nan ya tuna yadda uwarsa take dirje tasoshi da tsamiya da toka har ka ga fuskarka a ciki.

Ya figi mota sai kasuwar Utaiƙa, ya sayo tsamiya da soson ƙarfe. Jibirilla, kukun gidan, mutumin Maraɗi, ya tarar da shi yana jiƙa ta a kwano.

"Kai Isiyaku, wa ya sa ka?"

"Sai an sa ni? Dubi dattin da ke jikinsu! Tsoho ne, ba ya gani sosai."

"Kafilinka, mai gidan nan, da safar hannu fa yake taɓa su. Ka buga masa waya mana. Bukura ma, gobe-goben nan, zai dawo."

"Halas, ya isa haka, Malam Jibirilla, ka ji da tukunyarka. So nake ya gani ya yi mamaki."

Kafin la'asar ya gama da guda sittin. Suka yi jawur suna ƙyalli, shi kuwa sai zagaya su yake yi yana murmushi.

Washegari Abu Amir ya dawo. Isiyaku bai bari ya ko zauna ba, ya ja shi ɗakin. Dattijon ya daɗe a tsaye. Ya ɗauki guda ɗaya, wanda mahaifinsa ya ba shi yana yaro, ya kai shi kusa da ido. Igiyoyin jirgin da tutarsa duk soso ya cinye su, sai zane-zanen ƙarzuwa.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Ya Ishaƙ, baƙin nan shi ne shaidar shekarunsu. Shekara ɗari biyu yana taruwa, ka kankare shi a yini ɗaya. Me ya hana ka tambaye ni?"

Wallahi abin tausayi ne, mutum ya tafi neman gira ya rasa ido.

Takardar da dattijon ya sa wa hannu a makon nan ta fita daga ƙasar ce ba dawowa. Ya sallame shi da haƙƙinsa cif, ya kuma damƙa masa wannan kwabon, ya ce ba ya iya kallonsa. Hansai da ta ɗinka kayan tafiya Riyad, da su ta je tarbarsa a filin jirgin Kano.

Bayan shekara biyu ta tsinci kwabon a ƙasan jakarsa, ya fara dusashewa. Ta ce, "Maigida, kawo in wanke maka shi da tsamiya." Ya riƙe hannunta da sauri, ya ce, "Bar shi, Hansai. Shi ya hana ki ganin Ka'aba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin sani. Kafin ka sa hannu a kayan wani da sunan gyara, tsaya ka tambayi mai shi, domin abin da kake gani datti wataƙila shi ne darajarsa. Matambayi ba ya ɓata, garaje kuwa ba ƙarfi ba ne.