Jakin Lalla da Raƙumin Abdoulkadir

Akwai wani bawan Allah a ƙasar Madawa mai suna Sila, wanda ke aiki a ɗakin magani na wani asibitin mishan. A shekarar 1994 wani likita da zai koma ƙasarsu ya bar masa tsohuwar kwamfuta, wadda mu can muke ce wa ordinatar, haɗe da littafin koyon rubuta mata umarni. Ku ƴan yanzu masu wasanni ɗari a cikin waya, kar ku yi dariya. Allonta kore ne da baƙi, in ta tashi kuma sai ka ce injin niƙa.

Sila ya ce shi wasa zai ƙera da ita. Wasan jaki ne: ka ɗebo ruwa a rijiya, ka kai gida ba tare da tulu ya fashe ba. Wuta kuwa ba ya samu sai awa biyu da la'asar. Don haka yakan fara rubuta komai a cikin kaye, wato littafin rubutu irin na ƴan lakwal, ƴan makarantar boko, in wuta ta zo matarsa Tabita ta riƙa karanto masa layi-layi, shi yana bugawa.

Duk abin da ya gama sai ya fito da na'urar baranda, ya kira masu jinya su taɓa. Inda suka kushe, ya koma ya gyara.

Cikin masu jinyar akwai wata tsohuwa daga Ibohaman, Lalla, da ta yi wata huɗu tana kula da mijinta. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma jaki kam ta san shi ciki da bai. Ta kalli allon ta taɓe baki.

"Ɗana, wanga ba jaki ba ne," in ji ta. "Ina ka taɓa ganin jakin da ake bugu shina gudu? In ka matsa mai, zamnawa shika yi."

Daga ranar kullum tana gefensa. Ita ke dafa masa kafaɗa ta ce yanzu zai kwantar da kunne, yanzu zai zauna, yanzu ya huce. Ba ta da haƙurin jiran biro da kaye, sai Sila ya riƙa sa gyaranta kai tsaye a cikin na'ura. Da mijinta ya warke suka koma gida, Sila ya sa wa wasan suna Jakin Lalla.

Shekara biyu cur aikin ya ci. Abokinsa tun na lakwal, Abdoulkadir, mai gidan kallon bidiyo a Madawa, ya roƙa a riƙa kai wasan wurinsa ranar kasuwa. Kai, wanda bai ga wannan layi ba ya yi rashi. Direbobi, malaman lakwal, har dattawa masu rawani, kowa na lallaɓa jaki kamar amarya. Mai gaggawa jaki ya zaune masa a tsakiyar hanya, ɗaki ya kwashe da dariya. 

To, daga nan kan Abdoulkadir ya kumbura. Ya fara kiran kansa darakta. Saura mako shida Sallar Layya ya shelanta wa gari cewa kashi na biyu na nan tafe, da raƙumi, da babur, da zaki. Sai da kowa ya ji sannan ya gaya wa Sila.

Sila ya ce mako shida ba za su isa ba. Abdoulkadir ya ce ai yanzu hannu ya saba, kuma ya riga ya ba mutane magana, kar abokinsa ya kunyata shi. Sila mutum ne mai kawaici, bai iya musu ba.

Aka kulle na'urar a ɗakin Abdoulkadir, wai kar asiri ya fita. Babu baranda, babu masu jinya. Kaye ma Abdoulkadir ya ce ɓata lokaci ne. Kullum da sabon umarni: yau a ƙara kada, gobe a cire babur, jibi a mayar da shi.

Ga wata matsala kuma. Zafi ya lalata duk faifan ajiya, waɗanda muke kira disket, saura guda ɗaya, wanda Jakin Lalla ke ciki. Sila ya ce a jira a sayo sabo daga Yamai. Abdoulkadir ya ce wa zai sake neman jaki bayan ya ga raƙumi? Tabita ta roƙi mijinta har da hawaye kar ya taɓa faifan. Amma da aka matsa masa, da hannunsa ya goge jakin ya ɗora raƙumi.

Ranar Sallah ɗaki ya cika har waje. Raƙumi ya bayyana a durƙushe, ya miƙe da ƙafafun gaba kamar doki. Wasu makiyaya daga Garhanga suka riƙe ciki don dariya, suna tambaya ko mai wasan ya taɓa ganin raƙumi. Da Lalla na nan, da kallo ɗaya ta kama wannan. Ba a gama dariyar ba raƙumin ya faɗa rijiya, allo ya daskare. Aka kashe aka kunna har sau bakwai, a wuri ɗaya yake faɗawa.

Wani dattijo ya ce, "To, ku maido muna jakinmu."

Abdoulkadir ya dubi Sila. Sila ya sunkuyar da kai, ya ce babu shi. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, ko zagi ba wanda ya yi.

Bayan kwana uku Abdoulkadir ya je gidan Sila ya nemi gafara. Tabita ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta buɗe akwatin zannuwanta ta fito da kaye goma sha ɗaya, duk na wasan farko. Aka sayo faifai, ta koma karantawa, Sila na bugawa, har damina ta wuce.

Jaki ya dawo, da rijiya, da tulu. Amma jaki ne mai biyayya, ko ka buge shi sau ɗari sai gudu. Gyaran Lalla bai taɓa shiga kaye ba. Sila ya gwada daga ƙwaƙwalwa, jakin na zama, amma ba a lokacin da ya kamata ba, kuma kowa ya ji bambancin.

Abdoulkadir ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Ya hau babur ya nufi Ibohaman don ya ɗauko tsohuwar. Ya iske mijinta zaune a ƙofar gida, ya gaishe shi, ya tambayi Lalla.

Tsohon ya ce, "Ka yi latti, yaro. Ta rasu farkon damina. Kullum tana faɗa wa jikokinta tana da jaki a Madawa wanda ba shi mutuwa."

Abdoulkadir ya kasa gaya masa gaskiya. Ya yi ta'aziyya, ya juyo da babur babu kowa a bayansa.

Darasi: Aikin da ya yi kyau, lokaci ya ci, kuma an saurari masu kushe shi. In Allah ya ɗora ka kan masu aiki, kar ka yanke musu rana don bakinka ya riga ya yi alkawari, kuma kar ka goge na jiya saboda ɗokin na gobe, domin wani abin in ya tafi ba ya dawowa. Ku tura wa duk wani shugaba mai gaggawa da kuka sani, ko Allah zai sa ya ji.