Uwar Goyo a Ƙofar Tigernan

Mu da muka tashi a bakin kogin nan na yammacin ƙasar Ailan, har gobe in an ambaci Tigernan sai jikinmu ya yi sanyi. Jarumi ne na gaske, ba na baka ba. Aibinsa ɗaya: girman kai ya yi masa katutu, bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba.

Allah sarki, wancan zamani! Shanunmu a sake suke kiwo, madara har sai mun ture. In maharan tsallake suka zo, al'ada ta hana su ƙetarowa muddin gwarzon gari yana tsaye a mashigi, sai dai su riƙa turo mutum ɗai-ɗai a gwabza. Tigernan kuwa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba.

Ranar bikin shigowar sanyi aka gasa bijimi, aka ajiye wa Tigernan cinya, rabon gwarzo kamar kullum. Failan, ɗan matar da ta goyi Tigernan, wanda suka sha nono ɗaya, ya miƙa hannu cikin wasa ya yagi kaɗan, yana dariya wai tun suna rarrafe yake yi masa wannan satar. Ai kuwa Tigernan ya kwaɗa masa mari a gaban kowa, ya kira shi matsoraci mai bin wutsiyar shanu. Failan ya fita kansa a sunkuye, ya daina shiga mutane.

Da gari ya waye, sai ga uwar goyon, Muirgel, ta zo ta zauna a kan dutsen ƙofar gidan Tigernan. Kowa ya gane nufinta. A wurinmu, in babba ya zalunce ka, a ƙofarsa za ka zauna ka ƙi cin abinci, shi ma ba shi da ikon sa komai a baki sai ya biya maka haƙƙinka, in ba haka ba mutuncinsa ya zube.

"Inna, tashi ki tafi gida, ƙasa da sanyi," in ji shi.

"Ka tara mutane ka ce ba ka kyauta wa ɗan'uwanka ba. Shi ke nan, in tashi."

"Ni? Sai dai mu ga wanda zai fara gajiya."

"To zauna, ɗan nan. Ni na koya maka cin abinci, na san iyakar cikinka."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Dattawa suka yi ta lallashi, ya toshe kunne. Muna ji muna gani kafaɗun nan na Tigernan suka zube, tsohuwa kuma ta koma kamar kara. Wallahi har yau in na tuna, haushinsa da tausayinsa tare suke taso mini.

Ana cikin haka aka busa ƙaho, mahara sun iso mashigi. Muirgel ta rarrafa ta kawo masa gurasar sha'ir da man shanu, tana kuka tana cewa ta janye, ya ci ya samu ƙarfi. Ya dubi gurasar, ya dubi jama'a, ya ce in ya ci yanzu za a ce tsohuwa ce ta yi masa afuwa. Ya ɗauki mashinsa ya wuce.

Tigernan ya kayar da maharin farko da ƙyar. Na biyu wani siriri ne wanda a da, da hannu ɗaya zai jefa shi cikin kogi, amma yunwa ta cinye ƙarfin Tigernan, siririn ya kayar da shi cikin ruwa. Mahara suka ƙetaro ta kansa, suka kore mana shanu kaf.

Failan ne ya shiga ruwa ya jawo shi gaɓa. Tigernan ya riƙe masa hannu ya ce, "Ban kyauta maka ba, ɗan'uwana." Daga nan rai ya yi halinsa. Mu duka muna can muna bin sawun shanu, ba wanda ya ji sai Failan, shi ya ba mu labari daga baya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, amsa laifi ba ya rage wa mutum daraja, ƙin amsawa ne ke cinye shi tare da waɗanda suka dogara da shi. In ka san ka ɓata wa wani, ka ba shi haƙuri yau, tun maganar tana da amfani gare ku duka.