Simintin da Aka Daka a Turmi

An yi wani mutum a ƙasar Wudil, ɗan Kausani, wanda ba za a faɗi sunansa a nan ba domin danginsa suna raye. Shi ne na farko a garinsu da ya je jami'a ya dawo da digiri, kuma ilimin gine-gine ya karanta. Maraya ne. Mahaifiyarsa Hansai da ƙaninta Ya'u su suka riƙe shi da abin da gona ta bayar, har ya zama mutum.

Ya gama karatu a shekarun da kuɗin man fetur suka malalo ƙasar nan. Ya 'yan uwa, wanda bai ga wannan zamani ba sai dai a ba shi labari. Duk inda ka waiga gini ake yi: makarantu, barikoki, asibitoci, gidajen ma'aikata. Kamfanonin siminti da na kwano da na rodi da na fenti suna bin ɗalibai har ɗakunan kwanansu tun sakamako bai fito ba. Yaro bai gama tuɓe rigar bikin kammala karatu ba, an miƙa masa makullin mota.

Shi ma hakan ta same shi. Wani kamfani ya kafa gidan buga bulo a bakin kogin Wudil saboda kyan yashin wurin, suka ɗauke shi manaja. Ga mota, ga gida mai fanka, ga ma'aikata suna rusuna masa, cikinsu har da sa'o'in mahaifinsa. Tun da hantsi tifofi suke layi daga ƙofar gidan bulon har kusa da gada. Injin bai hutawa, shi ma bai hutawa, kuma a farkon al'amarinsa bulonsa in ka jefar da shi ƙasa sai dai ƙasar ta ji.

To, sai siminti ya yi wuya.

A lokacin an yi odar siminti daga ƙasashen waje fiye da yadda tashar jiragen ruwa za ta iya saukewa. Jirage suka yi ta zama a kan teku wata da watanni, raɓa da gishirin ruwa suna shiga buhuna. Wani simintin kafin ya iso arewa ya daskare ya zama dutse. Masu gini suna ce masa mataccen siminti, domin wanda ya riga ya sha ruwa ya kama, ba zai sake kama komai ba har abada. Mutumin nan ya san haka. Ya karanta a littafi, ya gwada da hannunsa a makaranta, har jarrabawa ya ci a kai.

Amma tifofi suna jira, masu kamfani suna aiko masa daga Kano cewa kada injin ya tsaya, kuma mataccen siminti kusan kyauta ake bayarwa. Sai ya sayo shi tirela guda. Ya sa aka kewaye bayan gidan bulon da zana, aka jera turame, aka ɗauko mata 'yan aikatau. Suka yi ta daka siminti kamar masu surfen gero, suna tankaɗe shi da rariya, yana fitowa lukui, launinsa sak na sabo. Matan ba su san komai ba. Har waƙar daka suke yi.

Bulon da aka buga da shi ya fito da kyau, kusurwa tsaf. Ya sa ana watsa masa ruwan siminti mai rai a fuska domin ya yi duhu, ya yi kama da mai ƙarfi. Masu saye suka ɗora a mota suka tafi Gaya, suka tafi Kano, suka tafi inda bai sani ba. Ya ce wa ransa na ɗan lokaci ne, da zarar siminti ya wadata zai daina. Wa ya taɓa fara ɓarna bai gaya wa kansa haka ba?

Shi kuwa ɗan fari ne, saboda haka Hansai ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ma ana zancensa sai ta tashi ta ba da wuri. Amma uwa uwa ce. Abin da kunya ta hana bakinta, sai ta nemi ta faɗa da aiki. Bayan an gama girbi ta sa aka rushe rumbunta na ƙasa, wanda ya girmi ɗan nata, ta ce ɗakin hatsi na bulo take so. Ba ta gaya masa ba, don kada ya ce zai ba ta kyauta. Ta tura Ya'u ranar Juma'ar kasuwar Wudil, ranar da manaja ya tafi Kano, ya sayo bulo a gidan bulon kamar kowa.

Da mutanen Kausani suka ga ɗakin Hansai ya tashi, tsaf da shi, rufin kwano yana walƙiya, sai kowa ya ce ai bulon ɗanmu ne. Wannan ya rushe rumbunsa, wancan ya rushe nasa. Gero da dawa da wake, har da irin shuka na baɗi, duk aka kwashe aka zuba a sababbin ɗakuna.

Ranar da manajan ya zo gaida mahaifiyarsa, Ya'u ya tare shi tun daga bakin gari yana dariya.

"Manaja da kansa. Sauko ka ga aikinka, ko takalmin ba ya taka ƙasar ƙauye?"

"Wane aiki, Kawu?"

"Ji shi. Kai ka buga, mu muka gina. Gara da ɓera sai su nemi wani garin."

Ya bi kawunsa gida gida, ana yi masa sannu da zuwa, ana sa masa albarka. A bayan ɗakin mahaifiyarsa, da ya ga ba mai kallo, ya sa farce ya kankari bangon. Yashi ya zubo masa a tafin hannu.

Ya 'yan uwa, a nan Allah ya buɗe masa ƙofa. Rani ne, ruwa da saura. Da ya buɗe baki a ranar, da an kwashe hatsi an sake gina rumbuna, da kunya kawai zai sha. Ya shiga ya durƙusa gaban Hansai, maganar tana bakinsa. Ita kuwa ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ta tura masa kwanon fura, ta ce wa bango, "A sha, hanya da nisa." Ya ga yadda take satar kallon ɗakin hatsin nan, fuskarta kamar an kunna fitila. Ya sha furar. Ya yi sallama. Ya ce a ransa zai aiko da siminti mai kyau a yi wa ɗakunan shafe kafin damina.

Bai aiko ba. Aikowa tana bukatar bayani, bayani kuwa shi yake gudu.

Ruwan farko na shekarar da rana tsaka ya zo, bayan azahar. Waɗanda suka gani sun ce hadarin ya taso daga gabas baƙi ƙirin, har kaji suka shiga akurki. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutane suna tsaye a zaure suna hamdala, sai suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Bango bai tsage ba, bai yi ƙara ba. Jiƙewa ya yi, ya yi laushi, ya durƙusa a hankali kamar raƙumi zai kwanta. Kwano ya sauko ya zauna a kan hatsi. Daga wannan gida sai wancan, ɗaki bayan ɗaki, cikin ruwa guda. Katangun ƙasa na kakanni suna tsaye a gefe, ruwa yana bin jikinsu yana wucewa.

Ya'u ya ruga don ya janyo ko da buhun iri ne, bangon da ya saura ya kwanta masa a ƙugu. Ya rayu, amma bai sake tafiya gona da ƙafarsa ba.

Da gari ya waye manaja ya iso. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya amsa sallamarsa. Abincin shekara guda na gari yana kwance cikin laka da yashi da tokar siminti. Ya sami Hansai a tsugune da faifai, tana tsince gero ƙwaya ƙwaya daga cikin yashi. A karon nan ba ta kawar da kai ba. Ta dube shi ido cikin ido.

"Ran da ka zo ka sha fura, ka sani?"

Ya ce, "Na sani, Inna."

Ta mayar da kanta kan faifai. "To matsa, kana tare mini haske."

Kafin wata ya ƙare labari ya kai Kano, daga Gaya ma aka kawo ƙara. Kamfani ya ce bai san da zancen turame ba, ya karɓe mota da gida. A shekarun da ake roƙon masu digiri su karɓi aiki, shi ya zaga duk masu sana'ar gini ba wanda ya ce masa zauna. Mutanen Kausani suka yi shuka da irin aro, suka ci rama da tafasa har kaka. Hansai ta koma gidan Ya'u tana jinyarsa, kuma duk abin da ɗan ya aiko, a ƙulle yake komawa. Da ta rasu, sai bayan an binne ta labari ya same shi.

Ya 'yan uwa, musamman ku da kuka fito daga makaranta ƙofofi suna buɗe muku: matan da suka daka simintin nan ba su da laifi, domin ba su sani ba. Shi ilminsa ne zai tsaya shaida a kansa. Wanda yake sayar da kayan gini amana yake sayarwa, domin mai saye ba ya ganin cikin bulo, kuma a ƙarƙashinsa zai ajiye abincinsa, ya kwantar da 'ya'yansa. In kun yi kuskure, ku faɗa tun hadari bai taso ba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da rana. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye iyayenmu daga aikin hannunmu. Amin.